Jar tawada da zabirar Kano

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aikin kula da tsofaffi a gidajensu, a ƙauyukan yankin Linkonsha da ke gabashin Ingila, aka ƙara mini wata tsohuwa cikin waɗanda nake zagayawa. Ta doshi tamanin, ƙafa ta ƙi, amma kai garau yake, ba abin da ke wuce ta. Iya nake ce mata. Bakina ya kasa kiran wadda ta girmi mahaifina da sunanta gatsal kamar yadda suke yi a nan. Sau ɗaya ta tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya mata, ta ce ta karɓa.

Wata safiya ina haɗa mata shayi ta ce, a Nijeriyar ma daga wane gari nake? Na ce Kano, ina jiran ta ce ita Legas kaɗai ta sani, don abin da akasarinsu ke faɗa ke nan. Sai ta ajiye cokali. Ta ce in hau bene, in shiga ɗakin da ba a kwana, in jawo durowar ƙasa, akwai wani gwangwanin biskit, in sauko mata da shi.

Abu huɗu ne a ciki. Hoton wani saurayi cikin kakin sojan sama, kunnuwa fato-fato, ya ɗaure fuska don a ce babba ne. Takardar tangaraho da ta yi laushi saboda yawan naɗewa da warwarewa. Wani littafi mai kaurin bango, shuɗinsa ya koɗe. Sai 'yar zabira ta jar fata.

Mahaifinta ne a hoton. Matuƙin Lancaster ne, babban jirgin nan mai inji huɗu da Ingila ta riƙa aikawa da dare ya zuba wa garuruwan Jamus bama-bamai a yaƙin Hitila. Ya tashi a ƙarshen Maris na 1944 bai dawo ba, ita kuma aka haife ta bayan 'yan watanni. Mahaifiyarta ta sake aure, maganarsa ta zama abin da ba a tayarwa a gidan. Iya ta buɗe littafin can wajen farko, ta ɗora yatsa a wani layi. Da manyan baƙaƙe an rubuta KANO. Ƙasa da shi MAIDUGURI. Ta juya shafi, ga Kano kuma, ta sake juyawa, ga ta nan.

Zabirar kuwa tun tasowarta ta ɗauka tsarabar Masar ce. Na juya ta a hannuna. Fatar akuya ce jimammiya, an rina ta ja, an yi mata zane da baƙi da kore, an bi bakinta da siririyar fata an tufke, ga 'yan tuntaye biyu a igiyar zugewa. Na kai ta hanci ba tare da na sani ba. Na ce, "Iya, wannan ba ta ga Masar ba sai a aljihunsa. Aikin dukawanmu ne. Kakata tana da irinta, a ciki take ajiye kwalli da 'yan canji."

Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce tana son sanin abin da ya faru tsakanin shafin Kano da shafin ƙarshe, tun tana da sauran ido. Ɗanta ya taɓa gwadawa, gajerun baƙaƙen soja suka kore shi. Na nemi izininsa ta waya, na kuma sanar da shugabata a wurin aiki don kada a ce na shiga abin da ba nawa ba, muka tsayar da ranar hutuna ta kowane mako. Na ɗauka aikin wata guda ne. Ya cinye mana kusan shekara.

Da littafin muka fara, tunda shi ke hannu. Kowane matuƙi yana da irinsa, duk tashin da ya yi sai ya shigar: kwanan wata, irin jirgin, lambarsa, wanda ke tare da shi, abin da aka je yi, da awa nawa aka yi a sama, na rana daban na dare daban. Ƙarshen wata ya tattara lissafi, babbansa ya sa hannu. Ba wurin labari, ba wurin kuka. Shafukan farko na 1940 ne, a ƙaramin jirgin koyo mai fiffike hawa biyu da ake kira Tiger Moth, minti talatin, minti arba'in, tashi da sauka, tashi da sauka. Akwai layi ɗaya da ya ja wa layi biyu a ƙasa, ranar da ya fara tashi shi kaɗai. Daga nan sai jirgi mai inji biyu, sai Blenheim, sai wani giɓi na makonni ba tashi ko ɗaya, wanda daga baya muka gane tafiyar jirgin ruwa ce. Layin da ya biyo baya yana cewa Takoradi.

Gaskiya ban san komai a kan wannan ba, ni da aka haifa inda muke jin rugugin jiragen filin Malam Aminu Kano daga tsakar gida. Sai da na zauna na karanta. A Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Hitila, Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa. Ingila na yaƙi a hamadar Masar da Libiya, tana buƙatar jirage, ba hanyar kai su. Sai aka riƙa kwance jiragen ana zuba su a manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya kai su Takoradi a Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. A can makanikai su harhaɗa, matuƙa su ɗauka su ratsa Afirka da su: Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Jinaina, Fashir, Hartum, sannan a bi Kogin Nilu har Alƙahira. Kusan kilomita 6,000, tafiyar wajen kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma kafin a gama jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Nijar da Dahome suna hannun Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus, don haka dole a kauce musu. Cadi ce ta buɗe hanya, saboda gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, a Agustan 1940.

Aikin mahaifin Iya shi ne jan gora. Blenheim na da mai duba taswira da mai rediyo, ƙananan jiragen faɗa irin Hurricane kuwa mutum ɗaya ne a ciki, don haka sai Blenheim ɗaya ya shige gaba, biyar ko shida su bi shi kamar 'yan tsaki. In hazo ya taso, wanda ya ɓace wa na gabansa ya shiga uku, don ƙasa duk iri ɗaya ce. Har farin fenti ake shafa wa bayan ƙananan jiragen, don in ɗaya ya faɗi a daji a hango shi daga sama. In an kai Masar a ajiye jirage, a kwaso matuƙan a jirgin fasinja a dawo da su Takoradi, su sake ɗaukar wasu. Shi ya sa Kano ta yi ta maimaituwa a littafin.

Daren nan na kira Baba. Bayan mun gaisa na karanta masa jerin garuruwan. Tun ban kai ƙarshe ba ya karɓe, yana faɗar su kafin in faɗa. Ya ce, "Uwata, ai hanyar alhazan ƙasa kike karanta mini. Ta nan ƙanin kakanki ya bi, Maiduguri, Fallomi, Jinaina, Fashir, shekara uku kafin ya ga Ka'aba, yana tafe yana tsayawa yana noman ƙodago. Wato su a kwana shida suke cinye ta?" Na ce haka littafin ya nuna. Ya ce Allah mai iko. Ya ce zamanin Sarki Alhaji ne, Abdullahi Bayero, kuma mahaifinsa ya sha ba su labarin yadda jiragen ke zuwa a jere da rana tsaka, yara su bar allo su fita kallo.

Daga shafukan Afirka zuwa gaba ne muka fara tuntuɓe, don komai ya koma gajerun baƙaƙe da lambobi. Nan na gane sai mun samo takardun hukuma. Abu na farko mai sauƙi ne: Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila tana da rumbun sunaye a intanet, kyauta. Na sa sunansa da 30 ga Maris 1944, ranar da ke littafin, ba abin da ya fito. Na sake, na cire baƙin farko na sunansa, shiru. Har na fara tunanin ko ba shi da kabari, ko sunansa na cikin mutum fiye da 20,000 na sojan sama da aka rubuta a bangon Runnymede kusa da Landan saboda ba a ga gawarsu ba. Mijina ne ya leƙo ya ce, jirgin da ya tashi goman dare ai ba ranar ya faɗi ba. Na mayar 31. Sai ga shi, da lambarsa ta soja, da lambar rundunarsa, da shekarunsa ashirin da 'yan kai, da maƙabartar Durnbach a kudancin Jamus, kudu da Munik, inda aka binne kusan mutum 3,000, galibinsu sojan sama. A ƙasan shafin akwai hoton tsohuwar takarda da ke nuna cewa da farko a maƙabartar wani ƙauyen Jamus aka binne shi, sai bayan yaƙi aka tono aka tattara su wuri ɗaya. Iya ba ta taɓa sanin an binne mahaifinta sau biyu ba.

Da lambar nan muka cike takardar neman tarihin aikinsa daga ma'aikatar tsaro. Ana yi ta intanet. Ana tambayar cikakken suna, ranar haihuwa, lambar soja, da dangantakar mai nema da mamacin. Tunda a bakin aiki ya rasu ba a nemi takardar shaidar mutuwa ba, kuma tunda Iya ce 'yarsa ita ta sa hannu. Daga nan sai jira. Watanni suka shuɗe, duk ranar da na shigo sai ta ce mai kawo wasiƙa bai kawo komai ba, ni kuma in ce sai haƙuri.

Ban zauna jiran ba. Kowace rundunar jirage tana da littafin ayyukanta na kullum, ana ajiye da su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kew, ƙarƙashin lambar AIR 27, an kuma ɗauki hotonsu, ana saukewa wata-wata in mutum ya yi rajista. Kashi biyu ne. Fom 540 taƙaitaccen labarin rana ne: yanayi, wa ya zo, wa ya tafi, an fasa tashi saboda hazo, an yi wasan ƙwallo. Fom 541 shi ne mai nauyi. Kowane jirgi da layinsa, da sunayen mutum bakwai da ke ciki, da lokacin tashi, da lokacin sauka, da 'yan layuka na abin da suka gani. Da tafireta aka buga, wani wurin tawadar ta dusashe, wani wurin akawun ya ɓata sunan mutum, yau ya rubuta shi haka gobe ya sauya. Na buga su a takarda, muka shimfiɗa a teburin cin abinci, littafinsa a hagu, na runduna a dama, Iya da gilashin ƙara girman rubutu, muna bi dare-dare.

Sai a nan littafinsa ya fara magana. Bayan ya dawo daga Afirka an mayar da shi makaranta, ya koyi Wellington, jirgin jefa bam mai inji biyu. A nan ake haɗa abokan tashi, kuma yadda ake yi ya ba ni dariya: a tara matuƙa da masu taswira da masu saitin bam da masu rediyo da 'yan bindiga a ƙaton ɗakin ajiye jirage, a ce kowa ya nemi nasa. Ba wanda ya san wani. Ka dubi fuskar mutum, ku yi 'yar hira, ka ɗora ranka a hannunsa. Daga baya a ƙara musu injiniya da ɗan bindiga na biyu, su cika bakwai, su koma jirgi mai inji huɗu. Lancaster matuƙi ɗaya gare shi, ba mataimaki, injiniya ne ke gefensa yana kula da mai da injuna. Dukansu kuma da kansu suka kawo kansu, ba a tilasta wa kowa aikin tashi.

Daga Oktoban 1943 launin rubutun ya sauya. Tashin koyo da baƙar tawada ko shuɗiya yake rubutawa, tashin yaƙi na dare kuwa da ja. Ja na farko Kassel ne, wani garin Jamus, kuma sunan wani ne a gurbin matuƙi, shi yana na biyu, don al'ada ce sabon matuƙi ya bi tsohon hannu sau ɗaya ya ga yadda abin yake kafin a ba shi nasa mutanen. Daga nan Balin, Balin, Balin. Sau 16 aka kai wa Balin babban hari tsakanin Nuwamban 1943 da Maris na 1944, kuma sunansa ya fito a da yawa daga ciki. Awa bakwai, awa takwas a sama, cikin sanyin da ke daskarar da shayi a gora, ƙasa ana haska su da manyan fitilu ana harbi, bayansu jiragen farauta na Jamusawa. Akwai Leipzig a Fabrairun 1944, daren da jirgi 78 ba su koma gida ba. Shi abin da ya rubuta kawai sunan garin da yawan awanni.

Ƙa'ida ita ce mutum ya yi tashin yaƙi 30 sannan a ba shi hutu. Iya ta riƙa ƙirga jajayen layukan da bakin fensir, tana kaiwa ashirin da wani abu ta tsaya, ta koma farko, kamar in ta sake ƙirgawa za su ƙaru. Daga cikin kusan mutum 125,000 da suka yi wannan aiki a rundunar masu jefa bam ta Ingila, 55,573 sun mutu. Ni da na riƙa bin Fom 541 na ga yadda wannan adadi yake a aikace: sunayen da na saba gani a saman shafi a Nuwamba, kafin Janairu babu su, wasu sababbi sun maye, su ma kafin Maris babu.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye ba. Na je na karanta abin da ya sami Kassel a daren 22 ga Oktoba 1943. An zuba manyan bama-bamai don su yaye rufin gidaje, aka bi da ƙananan masu tada gobara dubbai, tsohon garin mai gidajen katako ya kama gaba ɗaya, wutar ta riƙa zuƙe iska har mutanen da suka ɓuya a ƙarƙashin ƙasa suka shaƙe. Dubban mutane suka mutu, wasu ƙiyasin sun kai 10,000, cikinsu mata da yara. A Fom 541 abin da ke rubuce bai wuce cewa an ga gobara ta kama sosai, ana hango ta daga nesa a hanyar dawowa ba. Ranar na koma gida na kasa cin abinci, ina kallon 'ya'yana suna barci. Saurayin nan mai fato-faton kunnuwa da ya sayi zabira a garinmu, yana cikin waɗanda suka yi wannan.

Na yi ta juyayin ko in gaya wa Iya. Ashe ta riga ni sani. Ta ce shi ya sa ba a maganarsa a gidansu, ba don sabon mijin uwarta kaɗai ba. Bayan yaƙi ƙasar ma kunyarsu ta riƙa ji. Cocil, firaministan Ingila, ya yi jawabin nasara a Mayun 1945 bai yabi aikinsu ba, ba a ba su lambar girma tasu ta kansu ba, sai a 2012 aka gina musu wurin tunawa a Green Park a Landan, a jikinsa kuma aka rubuta cewa ana tunawa da mutanen kowace ƙasa da bam ya kashe. Ta ce ita ba ta neman a ce mata waliyyi ne. Ni dai har yau ban iya cewa abin da aka yi wa Kassel daidai ne ba, kuma ban iya ɗora shi duka a wuyan yaron da aka nuna wa taswira da yamma aka ce tashi ba. Na bar su biyun a zuciyata haka nan, ba su sasanta ba.

Shafin ƙarshe muka daɗe muna kewayewa. Daren 30 ga Maris 1944 an tura jirgi 795 Nurembag. Akwai farin wata, lokacin da aka saba ba su hutu, amma an yi hasashen gajimare zai rufe su a hanya. Jirgin binciken yanayi ya dawo ya ce babu gajimaren, duk da haka aka ce a tafi. Aka kuma shata musu hanya miƙaƙƙiya mai tsawon gaske ba lanƙwasa, wadda ta ratsa kusa da wurare biyu da jiragen farautar Jamusawa ke taruwa. Sararin sama tas, ga injunansu suna barin farin tururi a baya kamar an ja alli. Wasu jiragen Jamusawan suna da bindigogi masu kallon sama, sai su shigo ta ƙarƙashin ciki inda ba mai ganinsu, su harbi tankin mai a fiffike. Jirgi 95 ba su dawo ba, mutum 545 suka mutu a dare ɗaya, asara mafi girma da rundunar ta taɓa yi. Da yawa daga waɗanda suka tsira ma iska ta kautar da su, suka zuba nasu a Schweinfurt suna zaton Nurembag ce.

A Fom 541 akwai lokacin tashinsa. Gurbin lokacin sauka fayau. A gefe an buga cewa ba a sake jin ɗuriyar jirgin ba tun da ya tashi. A littafinsa kuma layin ƙarshe ba rubutunsa ba ne, wani ne ya cike masa da hannu mai karkata, sannan aka buga hatimi da ke cewa an ɗauka ya mutu.

Wani abu ɗaya na gano da kaina, kuma ina alfahari da shi. Na ɗauki sunaye bakwai ɗin na Fom 541 na sa su ɗaya-ɗaya a rumbun kaburbura. Biyar suka fito, duk 31 ga Maris, duk Durnbach, kaburburansu a jere. Biyu ba su fito ba. Wato sun yi tsalle da lema, an kama su fursunan yaƙi, sun rayu. Takarda ba ta ce ga yadda aka yi ba, ni ma ba zan ƙirƙira ba. Sai da muka je East Kirkby, wani tsohon filin jirgin yaƙi a nan yankin da aka mayar gidan tarihi, na fahimci me ake nufi da mutum biyu su fita. 'Yan'uwa biyu manoma, Fred da Harold Panton, su suka kafa wurin don tunawa da yayansu da ya mutu a wannan harin na Nurembag. A wurin akwai Lancaster da ba ya tashi amma ana tada injunansa ya yi tafiya a ƙasa. Iya ta tsaya a kekenta ƙarƙashin fiffike, ni na shiga. Daga waje ƙato ne, ciki kuwa kamar bututu. A tsakiya akwai wani ƙarfe da ya gitta, ƙashin fiffiken, sai ka hau shi da ciki ka tsallake, ni da rana tsaka ba kaya a jikina sai da na buge gwiwa. Ƙofar gudu ta gaba 'yar ƙarama ce a ƙasan hanci. Mai yi mana bayani ya ce in jirgi ya kama wuta, dole matuƙi ya riƙe shi daidai sauran su fita, in ya saki sitiyari jirgin ya juya ba mai iya motsi. Da aka tada injunan huɗu ƙarar ta shiga har haƙorina. Na waiwaya na ga Iya ta cire abin toshe kunnen da aka ba ta.

A hanyar dawowa muka biya cibiyar tunawa da su da aka buɗe a 2018 a kan tudu, daura da babbar majami'ar Linkon, wadda matuƙan ke hangowa su san sun iso gida. Akwai hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 31, daidai faɗin fiffiken Lancaster, kewaye da ita bangayen ƙarfe da aka huda sunaye kusan 58,000, ba muƙami ba lambar girma, saje da hafsa duk ɗaya. Mun same shi a ƙasa-ƙasa, daidai inda mai zaune a keke zai kai hannu.

Takardar ma'aikatar tsaro ta iso bayan duk wannan. Shafi kaɗan ne, rubutun hannu ƙanana, jerin wuraren da aka tura shi da ranakun ƙarin girma, daga saje zuwa hafsa. Ba ta faɗi hari ko ɗaya ba. Amma a cikinta muka ga tsayinsa, launin idonsa, aikin da yake yi kafin yaƙi, akawu a ofis, da wani kwanciya asibiti da ya yi a Afirka ta Yamma wadda ta yi daidai da wani giɓi a littafinsa. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne ko shakka babu. Iya ta fi daɗewa a kan launin idon. Da wannan takarda muka cike ta neman ɗan ƙarfen girmamawa da aka fara bai wa mutanen rundunar da magadansu a 2013, ita ma muna jira. Zuwa Durnbach kuma ɗanta ya ce shi zai kai ta in sanyi ya wuce.

Saura tambaya ɗaya da take ta yi mini: ko ya shiga cikin birnin Kano? Na riga na zana mata komai da baki, ganuwa, Dala, marinar Ƙofar Mata, lungunan Kasuwar Kurmi inda dukawa ke zaune, har ta fara ganinsa yana ratsawa da gajeren wando yana ciniki. Sai na sake kiran Baba na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, wa ya gaya miki sai Bature ya je Kurmi? Ai 'yan koli ne ke ɗaukar kaya a ka su bi su har barikinsu, su baje a baranda, jaka, zabira, tintimi, fatar kada. Mutumin da ya sauka la'asar zai tashi da asuba, ina ya ga ta shiga gari? Wataƙila ko badala bai gani ba sai daga sama."

Na yi kwana biyu ina tunanin in bar ta da Kurminta. Ranar hutuna na gaya mata yadda Baba ya ce. Ta juya zabirar a cinyarta, ta ce to in tambaye shi nawa yake jin mahaifinta ya biya. Na buga a take, na sa a lasifika. Baba ya gaishe ta da ɗan Turancinsa, sannan ya ce mini in gaya wa Hajiya, ko nawa ne ya biya, an ninka masa sau uku, kuma ya tafi yana murna ya yi arha.

Na fassara mata. Ta yi dariya har sai da na miƙa mata ruwa.